Hangen Tafkin Ifni ba isa bakinsa ba ne

Ɗana, jiya muna ɗaurin kaya ka yi mini tambaya ban amsa ba, saboda baƙi na tsaye a kanmu. Ka ce, "Maigida, zafi ya haura digiri 40 a Marrakesh, kuma bakin tafki za mu kwana. Me zai sa in goya rigar sanyi da jakar barci da ruwa lita uku? In rage kayan mana, in ya so mu sha a can." Ni ma na taɓa yi wa wanda ya koya mini aikin rakiyar baƙi masu hawan dutse irin wannan tambayar, shi da harara ya amsa mini. Ni bari in yi maka bayani.

Fara da ruwan, don shi ne ya fi ba ni tsoro. Tafkin Ifni, a tsaunukan Atlas na Maroko, yana ƙarshen tafiya ne, ƙishirwa kuwa a hanya take tare mutum. Ran farko za mu tashi daga ƙauyen Imlil, a tsayin kimanin mita 1,740, mu bi ta Sidi Shamharush inda farin dutsen nan yake, mu kwana a masaukin mahaya dutsen Tubkal, mita 3,207. Wannan ranar ba ta da wuya ta fuskar ruwa, akwai masu shayi da lemo a hanya, ga rafi a gefe. Rana ta biyu ce ake gane ɗan rakiya. Za mu hau mashigin Tizi n'Wanums, wajen mita 3,660, kana kaiwa sai ka hango tafkin can ƙasa, shuɗi-shuɗi kamar ka miƙa hannu ka taɓa. A nan baƙi suke buɗe gora su shanye abin da ya rage, suna cewa ai an iso. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Tafkin yana mita 2,300 ne, wato akwai gangara ta kusan mita 1,400 a gabanka, cikin kwazazzabo mai tsakuwa da ke zamewa ƙarƙashin ƙafa, babu bishiya ko ɗaya da za ka raɓa. Da baƙon da gwiwarsa ba ta saba ba, awa huɗu ma tana tafiya a wurin. Kuma kowane taku da ka yi ƙasa, zafi ƙaruwa yake, duwatsun suna mayar maka da rana kamar bakin tanda.

Akwai ƙorama a cikin kwazazzabon, gaskiya ne. Amma a Agusta na tarar da ita tana gudu, na kuma tarar da ita ta nutse ƙarƙashin duwatsu ba ko ɗigo. Ba na ɗora ran baƙo a kan abin da ba ni da tabbacinsa. Mai tafiya da kaya a goye cikin irin wannan rana yana iya zubar da gumi rabin lita zuwa lita guda a awa. Ka yi lissafin da kanka, ka ga ko lita uku ta yi yawa.

Ruwa kaɗai ma ba ya wadatarwa. Gumi yana fita da gishiri, in mutum ya yi ta ɗura ruwa zalla bai ci komai ba, sai ka ga kai na sara masa, ƙafa na ɗaurewa, zuciya na tashi, kai kuma ka ɗauka ƙishirwa ce ka ƙara masa. Shi ya sa kullum aljihuna ba ya rabuwa da zaitun da gyaɗa mai gishiri da dabino. Duk tsayawa ka miƙa musu, kada ka jira su tambaya, baƙo kunya gare shi. Ka kuma kula da bakin kowa. Wanda ke ta surutu tun safe in ya yi tsit, ka matsa kusa da shi. In ya fara amsa maka abin da ba ka tambaya ba, ko yana tangaɗi, jikinsa zafi rau, wannan ya wuce gajiya, bugun zafi ne, kuma yana kisa. Ka sauke masa jaka, ka yi masa inuwa da duk abin da ke hannunka, ka jiƙa shi sharkaf ka yi masa fifita, ka nemi taimako nan take. Ka ga ruwan da ka so bari a gida, a nan ba sha kaɗai zai yi ba.

Wata shekara wani baƙo ya zubar da rabin ruwansa a kan mashigin, wai nauyi, ban gani ba sai daga baya. Kafin mu kai rabin gangara gorata da tasa duk sun ƙare a kansa. Mun iso lafiya, amma ni na kwana harshena kamar fata. Laifina ne, ban ɗaga jakarsa na ji nauyinta ba. Tun daga ranar nake ɗagawa.

To, rigar sanyi. Iska tana raguwa da zafi kimanin digiri 6 da rabi a duk mita 1,000 da ka hau. Marrakesh tana ƙasa da mita 500. Tsakaninta da mashigin nan akwai mita 3,200, wato bambancin digiri 20 da ɗoriya, da tsakar rana ke nan. Mu kuwa ba da rana za mu hau ba. Muna sallar asuba za mu kama hanya da tocila a goshi, don mu cinye hawan da mafi yawan gangarar kafin rana ta take. A wannan lokacin, da iskar da ke kaɗawa a mashigi, da rigar da gumi ya jiƙa, yatsunka sai sun ƙi ɗaure igiyar takalmi. A bakin tafkin ma haka: iskar dutse busasshiya ce, ba ta riƙe zafi, rana tana faɗawa bayan tsauni sanyi ke saukowa. Wanda ya zo da zani ɗaya don ya ji zafi a birni, zai kwana a zaune yana jiran gari ya waye, gobe kuma ba shi da ƙafar tafiya. Abin da za ka iya ragewa shi ne kayan sawa na canji, da kwalabe, da tukunya ta biyu. Hula mai baki da tabarau kuwa suna nan daram, don hasken da ke ƙona fata yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin 100 a duk mita 1,000, iska mai sanyi kuma tana hana mutum jin yana ƙonewa.

Sammakon yana da wani dalili na biyu. Hadarin rani a Atlas da yamma yake haɗuwa, gari fes da safe, bayan azahar sai ka ji tsawa. Ba na son ta same ni a kan mashigi, ba na kuma son ta same ni cikin kwazazzabo. Tambayi dattawan wannan yanki abin da ya faru ranar 17 ga Agustan 1995, da ruwa ya sauko kwarin Urika ya tafi da mutane da motoci, yawancinsu masu shan iska da suka gudo wa zafin birni. Ruwan a kan duwatsu ya zuba, wasu na ƙasa ba su ma san an yi ba. Don haka in mun isa, za ka ga shimfiɗaɗɗen fili mai tsakuwa a inda rafi ke shiga tafkin, mai daɗin kafa tanti. Hanyar ruwa ce. Ka nemi tudu, nesa da gindin gangaren da duwatsu ke gangarowa, musamman tun bayan girgizar ƙasar Satumban 2023 da ta sassauta su.

Ruwan tafkin kuma, kada kyansa ya ruɗe ka. Awaki da alfadarai suna sha a ciki, mutane suna kwana a gefensa duk rani. Ka tace, ko ka sa ƙwayar tsarkake ruwa, ko ka tafasa. A wannan tsayin ruwa yana tafasa a wajen digiri 92, ka bar shi minti 3 yana ɓararraka kafin ka sauke. Bayan gida da wanke kwano a yi su taku 70 daga bakin ruwa, a tona rami tsawon taƙi a binne, domin ruwan nan yana bi ta ƙarƙashin duwatsu ya ɓullo ƙasa, mutanen ƙauyukan wajen Amsuzart da shi suke sha suke ban ruwan gonakinsu. Baƙi za su so faɗawa ciki da isarsu. Ka ce su zauna gumi ya bushe, su shiga a hankali daga gefe, don sanyinsa yana ɗauke numfashin mai iyo ma.

Yanzu tashi ka kwance jakar nan gabana. Jakar barci a ƙasa, ruwa da abinci kusa da bayanka, rigar sanyi da tocila a sama inda hannu zai kai cikin duhu. In ka gama naka, ka bi na baƙi ɗaya bayan ɗaya ka ɗaga.