Amsa ga Malama a kan batun sayen majigi

Assalamu alaikum, malamai 'yan uwa. Malama, na saurari tambayarki a kan irin majigin da za ku saya da kuɗin da iyayen yara suka tara, amma a fahimtata abin da yake damunki shi ne ki yi minti arba'in kina bayani, ki ce "kun gane?", su amsa da "eh" baki ɗaya, ranar jarrabawa kuma ki tarar ba haka ba ne. Majigi ba zai magance wannan ba.

Mu ma an taɓa kawo mana allon zamani a makarantar da na bari, aka yi taro, aka ɗauki hotuna, daga nan aka kulle shi a ofishin shugaban makaranta wai kada yara su lalata shi. Sau uku ina rubuta takardar neman izini, kullum amsar ita ce babu man janareta. Har na bar wurin ledarsa ba a cire ba, kuma har yau abin yana ci mini rai, domin kuɗinsa ya isa a gyara rufin azuzuwa biyu da suke yoyo.

To, abin da nake amfani da shi yanzu Plickers ne, wato wata manhajar waya ta yi wa ɗalibai tambayoyi a aji. Akwai wani irinsa mai suna Kahoot, yana da daɗi, sai dai yana buƙatar waya a hannun yara, mu kuwa mun hana shigowa da ita. Shi Plickers wayar malami kaɗai yake buƙata. Za ki buga katuna a takarda, kowane yaro da nasa, kowane gefe na katin kuma yana nufin A, B, C ko D. Idan kin yi tambaya sai yaro ya juya gefen da ya zaɓa ya koma sama ya ɗaga, ke kuma ki bi ajin da kyamarar waya, nan take ki ga amsar kowa. Na kusa da shi ba zai iya karanta amsarsa ba, don haka babu kwaikwayo kuma babu jin kunya. Akwai wata yarinya a layin baya wadda ban taɓa jin muryarta ba tsawon zango guda, sai da katin ya nuna mini ita kaɗai ce take cin tambayoyin kashi-kashi.

Na ce kowane yaro da nasa, bari in gyara. Katunan ba su wuce 63 ba, ni kuwa ajina ya haura tamanin, shi ya sa nake haɗa su biyu-biyu, sai sun yi gardama sun daidaita kafin su ɗaga. Kada kuma ki rufe katunan da leda mai ƙyalli, hasken taga yana hana kyamara karanta su. Ki manna su a kan kwali kawai.