Ku Tambaya Mu Amsa: Wai gishiri na hana ƙanƙarar gas ne ko taimaka mata yake?

TAMBAYA: Salam Malam, sannu da ƙoƙari. Ni ɗalibi ne, a aji an ce mana gishiri na hana ƙanƙarar gas haɗuwa cikin bututu, sai kuma ga shi na ji wai da gishiri ake ajiye gas a cikin ƙanƙara. To wanne za mu kama? Wallahi abin ya ɗaure min kai.

AMSA: Wa'alaikumussalam ƙanena. Duka biyun gaskiya ne, gishirin ne ba ɗaya ba.

Ita wannan ƙanƙara da ake kira haidiret, ruwa ne ke daskarewa ya yi 'yan ɗakuna, kowane ɗaki ya kulle ƙwayar gas a ciki. A ido fara ce fat, amma in ta iskar metan ce ka kyasta mata ashana sai ka ga wuta na ci ruwa na ɗiga. A 1934 wani masani mai suna Hammerschmidt ya gano ita ce ke toshe bututan gas a Amurka, kuma tabbas gishirin da ka sani yana hana ta haɗuwa, don haka malaminku bai yi kuskure ba.

Abin da ya sa ake kwaɗayinta, mita kubik ɗaya na iya riƙe metan wajen mita kubik 160, sai dai fa ko a sanyin digiri 0 sai an matse ta da matsin da ya ninka na iskar da muke shaƙa kusan sau 26, kuma matsi kuɗi ne, injin da zai yi shi ba ƙaramar wuta yake sha ba.

To nan ɗayan gishirin ya shigo, TBAB ake ce masa a taƙaice, sinadari ne, ba gishirin miya ba. Shi ba ya rushe ginin ƙanƙarar, shiga cikinsa yake yi, wani ɓangaren ƙwayarsa ya zama bango, ɗaya ɓangaren mai hannaye huɗu ya cika manyan ɗakunan, ƙananan su zauna fanko suna jiran gas. Shi ya sa haidiret ɗinsa ke tsayawa har wajen digiri 12 ba tare da wani matsi ba. In aka turo hayaƙin masana'anta, iskar CO2 ta fi naitirojin saurin samun ɗaki, sai a kwashe ƙanƙarar a ɗan ɗumama ta, CO2 ta fita, a mayar da ruwan gishirin a sake aiki da shi. Zagaye ɗaya dai ba ya tace ta tas, sai an maimaita.

Amma kar ka manta, manyan ɗakunan gishiri ya riga ya kama su, don haka wancan 160 ɗin ka cire shi daga ranka, ga kuma nawar haɗuwa in ba a juya ruwan sosai ba. Ni a ganina ya fi dacewa da raba gas a kan ajiye shi. Inda ma ya fara aiki a zahiri ba gas ba ne, a Japan kamfanin JFE ya yi amfani da shi wajen tara sanyi da daddare don sanyaya gine-gine da rana.