Amsar tambaya kan gwamnan da ya kawo majalisun yankuna

Assalamu alaikum wa rahmatullah, jama'ar wannan zaure. Ɗiyata, na ga tambayarki tun bayan la'asar, kin ce wane Bature ne ya kafa majalisun yanki-yanki a Najeriya, ko Lugga ne. To a'a, ba Lugga ba ne. Shekaru da yawa ina gyaran takardun jarrabawa, kuma wallahi duk inda aka ce gwamnan mulkin mallaka, sai yaro ya rubuta Lugga ya ajiye biro. Wanda kike nema sunansa Sa Arthur Richards, ya riƙe Najeriya daga 1943 zuwa wajen 1948. Bari in ɗan tsawaita, ki yi haƙuri.

An haife shi a Bristol ta Ingila a 1885, ya yi karatu a Oxford, ya shiga aikin mulkin mallaka a Malaya a 1908. Sama da shekara 20 yana can. Daga nan ya yi ta yawon gwamna, Borneo ta Arewa, Gambiya, Fiji, sai Jamaika a 1938. A Jamaika ne ya tsare shugaban ƙwadago Bustamante a 1940. Kin ga tun kafin ya taka Legas an san shi da zafin hannu.

Ga abin da ya shafe mu. Kafin zuwansa, majalisar dokoki da ke Legas ba ta da hurumi a kan Arewa. Ba mu da kujera a ciki, gwamna ne ke zartar mana da doka da alƙalaminsa. Raba Kudu gida biyu, Gabas da Yamma, wanda ya gabace shi ne, Bourdillon, ya yi a 1939. Shi kuma Richards sai ya zo da tsarin mulkin da ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 1947: kowane yanki da majalisarsa, Arewa a Kaduna har biyu ma aka ba ta, ta sarakuna da ta wakilai. Su waɗannan majalisu shawara kawai suke bayarwa, sannan su zaɓi waɗanda za su tafi babbar majalisa. Karon farko ke nan da ɗan Arewa da ɗan Kudu suka zauna ɗaki guda suna tattauna kasafin kuɗin ƙasa ɗaya. Ta wannan ƙofa Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, malamin makaranta daga Bauci, ya shiga majalisar Legas a 1947. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma duk wanda ya hana Richards wannan yabon bai yi masa adalci ba.

Amma fa ga inda gizo ke saƙa. Bai tambayi kowa ba. Ya zauna ya tsara abinsa, ya aika Landan, sannan a watan Maris 1945 ya ajiye shi gaban majalisa aka wuce da shi cikin gaggawa. Kujerun da jama'a ke zaɓa kai tsaye kuma ya bar su guda huɗu, uku Legas ɗaya Kalaba, kamar dai yadda suke tun 1922. Ki duba fa, yaƙin duniya na ƙarewa, 'ya'yanmu da suka je yaƙi a ƙasar Bama (Burma) suna dawowa ido buɗe, rayuwa ta yi tsada har ma'aikata suka yi yajin aikin gama-gari na kwana 44 a 1945, jirgin ƙasa ya tsaya cak. A irin wannan lokaci a yi wa mutum aski a bayan idonsa? Ni abin da ke damuna da shi ke nan. Ya iya aiki, amma bai ɗauki mutanen da yake mulka a bakin waɗanda za a nemi shawararsu ba.

Sai jam'iyyar 'yan kishin ƙasa ta NCNC ta tashi zagayen ƙasa a 1946, tana tara kuɗi don a kai ƙara Ingila. Jagoran tafiyar Herbert Macaulay ne, dattijo mai shekara 81. Ki ƙaddara tsoho irin wannan a kan hanya gari-gari cikin zafin bazara. A Kano ciwo ya kama shi, aka mayar da shi Legas, ya rasu ranar 7 ga Mayu 1946. Zik, wato Nnamdi Azikiwe, ya ci gaba da tafiyar, kuma a 1947 suka je Landan su bakwai, har da Funmilayo Ransome-Kuti da Bukar Dipcharima na Barno. Sakataren mulkin mallaka, Creech Jones, ya saurare su ya ce su koma gida su gwada tsarin tukuna.

Tsarin da aka ce zai shekara tara bai kai ko'ina ba. Gwamna Macpherson da ya gaji Richards a 1948 ya sa aka yi ta taron jin ra'ayi tun daga gunduma har lardi, aka yi babban taro a Ibadan a 1950, sabon tsari ya fito a 1951.

Shi kuwa Richards, a 1947 aka ba shi sarautar Lord Milverton, ya shiga majalisar dattawan Ingila, nan ne siyasarsa ta fara. Ya zauna da jam'iyyar Leba, a 1949 ya fice saboda bai yarda gwamnati ta karɓe masana'antar ƙarfe ba, ya ɗan taɓa jam'iyyar Libaral, ƙarshe ya tare wajen 'yan mazan jiya. Ya rasu a 1978 yana da shekara 93.

In aikin makaranta ne aka ba ki, ɗiyata, ki kula da shekarun nan, don wasu na rubuta 1946 wasu 1947. A 1946 aka zartar, a Janairun 1947 ya fara aiki. An kira magariba, sai anjima. Wassalamu alaikum.