Tambayoyinku: Shin manyan kuɗin golf sun danne gasar taimakon marayu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗan wasan golf ne a Kaduna, duk shekara mu da abokaina muna shirya 'yar gasa ta yini ɗaya, abin da aka tara mu kai gidan marayu. To bana duk kamfanin da muka tunkara sai su ce kasafin tallarsu ya tafi wajen wasannin da ake nunawa a talabijin. Har a Amurka haka abin yake ko mu ne kawai? Daga mai karatu a Kaduna.

AMSA: Wa'alaikumus salam Malam, Allah ya saka muku da alheri. Ba ku kaɗai ba ne wallahi, can ma kukan da ake yi ke nan.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne yawancin gasannin PGA Tour, wato babban jerin gasannin ƙwararrun 'yan golf na Amurka, ƙungiyoyin gari ne ke shirya su, dubban 'yan sa-kai su yi aiki kyauta, ribar kuma ta tafi asibitoci da makarantu. Gasar Phoenix ƙungiyar Thunderbirds ce ke riƙe da ita, ta Memphis kuma asibitin yara na St. Jude take tallafa wa, kuma a 2020 jimillar abin da PGA Tour ta tara na taimako tun kafuwarta ya haura dala biliyan 3.

Sai wata sabuwar gasa mai suna LIV Golf ta shigo a 2022 da kuɗin asusun zuba jari na Saudiyya tana kwashe manyan 'yan wasa, har Jon Rahm ya bi a ƙarshen 2023, ita kuma PGA don kar a yashe ta sai ta ware wasu 'yan gasanni ta ɗaga kyautarsu zuwa dala miliyan 20, to ka ga taurari can za su tattaru, sauran gasannin kuma su zauna da 'yan wasan da ba kowa ya san sunansu ba, masu kallo su ragu, mai ɗaukar nauyi ya fara ja da baya. Honda ta bar gasar Florida bayan 2023 alhali tun 1982 take tare da ita. Wannan abin yana ci min rai sosai, don idan giwaye suna faɗa ciyawa ce ke shan wahala, kuma ciyawar nan yara ne marasa lafiya.

Amma ku kam ba tauraro kuke jira ba, don haka kar ku karaya. Ku daina neman kamfani ɗaya ya ɗauke komai. Ramuka 18 ne a filin, ku sayar da kowane rami ga ɗan kasuwa guda, mai gidan mai ko mai kemis ko mai sayar da motoci, a kafa ɗan allo da sunansa a wurin bugun farko. Ku yi wasan mutum huɗu-huɗu inda kowa zai buga a zaɓi ƙwallon da ta fi kyau, ko ɗan koyo ma zai biya ya shiga ba kunya.

Sannan don Allah a rage walima da manyan kofuna, sau da yawa nan kuɗin ke zirarewa. Bayan gasa ku rubuta abin da ya shigo da abin da aka kashe, ku tura wa duk wanda ya ba da ko sisi, ku gayyace su ranar da za a kai buhunan shinkafar su gani da idonsu.