Tambaya da Amsa: Tsohuwar na'urar CD ta ƙi karanta faifai

Tambaya: Malam, ina da na'urar CD da na gada wurin mahaifina. Idan na sa faifai sai ya ɗan juya ya tsaya, ta nuna kamar babu komai a ciki. Ta mutu ke nan?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka yanke ƙauna tukuna. Fara gwada faifan kamfani mai tsabta, domin da yawa daga cikin na'urorin shekarun 1980 ba sa karanta faifan da aka kwafa a kwamfuta, musamman CD-RW, wato faifan da ake iya goge abin da ke kansa a sake kwafa wani.

Idan ta ƙi, cire ta daga wuta ka kwance murfin. Za ka ga ɗan ƙaramin gilashi a ƙarƙashin inda faifai ke zama, shi ne idonta. Ƙura da hayaƙin shekaru kan dushe shi. Ɗiga barasar goge kayan lantarki a auduga, ka shafa a hankali, don a kan siraran wayoyi yake lilo, dannawa kaɗan na iya lalata shi. Sandar da idon ke tafiya a kanta ma, goge busasshen man, ka sa sabo kaɗan.

Abu biyu nake roƙonka. Kada ka leƙa idon tana kunne. Haskensa ba ya ganuwa sosai, amma yana iya cutar da idonka. Sannan kada ka murɗa ɗan abin daidaita ƙarfin hasken da ke kusa da idon, na ga na'urori masu kyau sun ƙone ta nan. In gogewa ba ta yi ba, kwafi lambar da ke jikin idon, makaniken lantarki ya nemo maka irinsa.