Zazzaɓi ya sauka, me ya sa aka hana sallamar maigidana?

Tambaya: Likita, yau kwana biyar da zazzaɓi ya kama maigidana, gwajin jini na NS1 ya nuna denge ne, zazzaɓin nan da sauro ke yaɗawa. Jiya zafin jikin ya sauka, amma an ƙi sallamarsa daga asibiti, wai filatilet ɗinsa, ƙwayoyin da ke taimaka wa jini daskarewa, sun faɗo 80,000. 'Yan'uwansa na cewa a tafi gida tunda ya samu sauƙi. Hankalina a tashe yake.

Amsa: Malama, Allah Ya ba shi lafiya. Kada ku yarda a fita da shi.

Sakamakon gwajin nan shi ne yadda denge ke tafiya. Fararen ƙwayoyin jini ne ke fara raguwa, sai filatilet su biyo baya, daga tsakanin 150,000 da 450,000 da aka saba su koma ƙasa da 100,000. Awon hanta, AST da ALT, shi ma yakan hau. Muddin ba ya zubar da jini, 80,000 ba dalilin ƙara masa filatilet ba ne.

Maganar 'yan'uwan nan ce ke damuna, don kullum sai mun ji ta. A wannan ciwo, saukar zazzaɓi tsakanin rana ta 3 da ta 7 ita ce farkon lokacin haɗari, wanda ke ɗaukar awa 24 zuwa 48. A lokacin ne ƙananan jijiyoyin jini ke yoyo, ruwan jini ya tsiyaye cikin ciki da gefen huhu. Jinin da ya rage sai ya yi kauri, shi ya sa ake maimaita awon PCV, wato kason jajayen ƙwayoyi a cikin jini: in ya hau da kashi 20 cikin ɗari a kan yadda yake da farko, yoyon ya yi tsanani. Mutum yana zaune yana hira da hankalinsa, alhali tafin hannunsa ya yi sanyi, tazarar awon hawan jininsa na sama da na ƙasa ta matse zuwa 20. Wanda aka kai gida a haka, sai ya sume ake dawo da shi.

Sannan a gidan ne wani da bai san komai ba zai ce ciwon jiki ne, ya danna masa allurar diclofenac ko ya ba shi aspirin ko ibuprofen. Magungunan nan na hana jini daskarewa, su kuma ci bangon ciki. Ga filatilet sun riga sun yi ƙasa, me kike zaton zai biyo baya? Farasitamol kaɗai aka yarda, kada ya wuce giram 4 a rana ga babba, allurar tsoka kuma babu ita.

Ki zuba ido: ciwon ciki mai tsanani, amai ba ƙaƙƙautawa, jini a dasashi ko hanci, baƙin bayan gida, mutuwar jiki ko rashin sukuni, ƙarancin fitsari. Ko ɗaya kika gani, ki kira nas nan take. Ana sallama ne bayan awa 48 ba zazzaɓi, yana cin abinci, fitsari na fita sosai, PCV ya tsaya ba tare da ƙarin ruwa ba, filatilet kuma sun fara hawa.