Amsa ga mai shirin bin jirgin ruwa mai tafiya da iska daga Las Palmas zuwa Saint Lucia

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce kana zaune a Sifen, an haɗa ka da wani mai ƙaramin jirgin ruwa irin mai tafiya da iska, yana neman mutum na huɗu da zai raka su daga Las Palmas zuwa Saint Lucia a ƙarshen Nuwamba, kai kuma ko kwana ɗaya ba ka taɓa yi a teku ba. Kana tambaya ko ka amsa, kuma me za ka shirya.

Ka fara sanin girman abin. Tsakanin tsibiran Kanari, inda Las Palmas take, da tsibirin Saint Lucia da ke Karebiyan akwai kimanin mil 2,700 na teku, kowane mil kuwa mita 1,852 ne. Jirgi mai tsawon mita 12 yakan ci mil 130 zuwa 150 a kwana ɗaya, ka ga ana maganar kwana 18 zuwa 21 ke nan, in iska ta kwanta a haura haka. Ana jiran ƙarshen Nuwamba ne saboda lokacin guguwar Atlantika yana ƙarewa ranar 30 ga watan. Daga an kwance igiya aka yi kwana biyu ko uku, babu zancen "a sauke ni a nan", kuma kun wuce inda jirgi mai saukar ungulu zai iya zuwa ɗaukar mara lafiya. Shi ya sa a wurina babbar tambayar ita ce hannun wa za ka sa ranka.

Kada ka amsa ta waya. Ka je ka ga jirgin da idonka, ku fita tare na kwana ɗaya ko biyu, har da dare. A nan za ka ga ko kyaftin ɗin mai natsuwa ne ko mai tsawa, ko yana shan giya a kan ruwa, ko yana rage ƙyallen iska tun kafin yanayi ya ɓaci. Ka tambaye shi sau nawa ya yi tafiyar da ta wuce kwana 5. Ka ce ya nuna maka kwale-kwalen ceto da ranar da aka duba shi, da na'urar EPIRB mai aika kiran neman agaji ta tauraron ɗan'adam, da wayar da zai riƙa karɓar hasashen yanayi da ita. Ka tambayi shekarun wayoyin ƙarfen da ke riƙe da dogon sandan jirgin. Kamfanonin inshora da yawa suna son a canza su bayan shekara 10. Mutumin kirki daɗin tambayoyin nan zai ji. Wanda ya ɓata rai, ka gode masa ka koma gida. In jirgin yana cikin ARC, ayarin jiragen ruwa masu tafiya da iska wanda ake yi duk shekara tun 1986 daga Las Palmas, kuma tun 1990 yake ƙarewa a Saint Lucia, akwai ɗan kwanciyar hankali domin suna duba kayan ceto kafin tashi, sai dai ba sa duba halin mutum.

Maganar kuɗi ku gama ta a rubuce: abinci, mai, kuɗin tasha, wa zai biya me. Ka kuma lissafa ruwa da kanka. Mutum 4, lita 3 kowanne a rana, kwana 25, lita 300 ke nan na sha kaɗai, kuma ya kamata wani kaso ya kasance a jarkoki ko gorori daban, domin injin tace ruwan teku yana lalacewa, tanki kuma yana iya yoyo.

Jiri da amai mutane da yawa suna yinsu a kwana biyu zuwa uku na farko, daga nan jiki ya saba. Akwai ƙwayar Stugeron, akwai kuma ɗan filastan scopolamine da ake liƙawa a bayan kunne awanni kafin tashi. Ka yi magana da likita, ka gwada su tun kana tudu, don suna sa barci da bushewar baki, filastan kuma yana dusashe ganin wasu. Ka wanke hannu bayan ka taɓa shi. In abin ya taso, ka fito waje ka kafa ido inda sama ta haɗu da ruwa, ko ka karɓi tuƙi. In za ka sauka ciki, ka wuce gado kai tsaye ka kwanta ka rufe ido. Amai a bokiti ake yi, ba a leƙa gefen jirgi. Ka riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan da busasshen biskit, domin ƙarewar ruwa a jiki ce ke kwantar da mutum.

Aikin da aka kira ka dominsa shi ne gadi. Mutum huɗu sukan yi awa 3 kowanne da dare, ko su kasu biyu-biyu suna awa 4. Ka nemi a haɗa ka da gwani a makon farko. Ka fito minti 10 kafin lokacinka, a shirye, domin wanda za ka karɓa idonsa ya riga ya yi ja. Kowane minti 10 zuwa 15 ka tashi ka duba ko'ina, har bayan ƙyallen gaba inda ba a gani daga wurin zama. Babban jirgin dakon kaya yana iya isowa kanku cikin kamar minti 20 daga sanda ka fara hango fitilarsa, kuma ba kowane jirgin masunta ke fitowa a allon AIS, na'urar da ke nuna jiragen da ke kusa, ba. Tocilar goshi mai jan haske za ka yi amfani da ita. Farin hasken waya yana kashe maka ganin dare na tsawon mintuna masu yawa. Sai hadarin dare: za ka ga taurari sun ɓace a bayanka, baƙin girgije ya tokare, iska ta yi sanyi. Cikin minti kaɗan ƙarfinta na iya ninkawa. Da ka ga haka, ka ta da kyaftin. Kunyar tayar da babba daga barci, wadda aka tarbiyyantar da mu a kai, a nan haɗari ce. Gara ka tashe shi sau biyar a banza.

Da dare, ko duk lokacin da kake kai kaɗai a waje, rigar ceto a jikinka, madaurin da ke bi ta tsakanin cinyoyi a ɗaure, igiyar tsaro kuma a maƙale tun kafin ka gama fitowa daga ƙofa. Wanda ya faɗa ruwa cikin duhu, jirgi na gudu, sauran na barci, samunsa sai ikon Allah. Kada ka yi fitsari ta bayan jirgi, kada ka je gaba ba wanda ke kallonka. Ka kiyayi sandan da ke kwance ƙarƙashin babban ƙyalle, wanda suke kira bum. A wannan hanya iska daga baya take turo ku, in jirgi ya kauce kaɗan sai ta kama ƙyallen ta ɗaya gefen, sandan ya share saman jirgi da ƙarfin da ke fasa kai. Akwai igiyar da ake ɗaure shi da ita don hana haka, ka tabbata an sa, amma duk da haka kada ka tsaya a hanyarsa. Igiyar da ke kan winci kuwa, wato ƙarfen da ake naɗe igiya a kai don ja, da tafin hannu ake sassauta ta, yatsu nesa da ƙarfen.

A ciki, masai na famfon hannu ne, bututunsa siriri. Ban da abin da ya fito daga cikinka, kada komai ya shiga. Gas ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo can ƙasan jirgi yake taruwa, don haka a rufe daga tukunyar gas bayan kowane girki. In kana dafa abu ka sa dogon wando mai kauri ko da ana zafi, tukunya kuma kada ta wuce rabi.

Salla ba ta da wahala. Ruwan teku mai tsarki ne, hadisi ya tabbatar, sai ka ɗiba a bokiti ka yi alwala, ka bar na sha. Alƙibla tana gabas, tana ƙara karkata arewa yayin da kuke kusantar Karebiyan, ka duba kamfas ɗin jirgi. In tsayuwa ta gagara ka zauna. Lokacin salla kuma tafiyar rana za ka bi, domin akwai tazarar awa 4 tsakanin Las Palmas da Saint Lucia. Ranar cefane ka bi su kasuwa da kanka: a Sifen naman alade yana shiga cikin gwangwanaye da yawa, har na wake.

Jaka mai laushi za ka ɗauka, akwati ba shi da wurin zama. Rigar ruwa, rigar sanyi don dararen farko, hula mai igiya, tabarau biyu in kana sawa, da maganin da kake sha na wata ɗaya da ƙari. Inshorarka ta faɗi ƙarara cewa ta shafi tafiya a tsakiyar teku.

Fasfo ɗinka kuma ka ba shi kulawar da mai fasfon Turai ba ya buƙata. Ka binciki sharaɗin biza na Saint Lucia, da na Cape Verde domin jirage kan ratse Mindelo, kimanin mil 850 daga Las Palmas, in wani abu ya lalace, da na duk ƙasar da jirgin samanka zai yada zango a dawowa. Katin zamanka na Sifen kada ya ƙare kana kan ruwa. Ka sayi tikitin da ake iya canza ranarsa. In kun isa, kada ka bar jirgin sai kyaftin ya je da kai ofishin shige da fice an cire sunanka daga takardar ma'aikatan jirgi, an buga maka hatimi. Allah ya kai ku lafiya.